Yadda Za Ka Zaɓi Akwatin Gefe Ga Babur Ɗinka Na Doguwar Tafiya

Idan kana da babban babur irin Kawasaki Ninja 1000SX, Yamaha Tracer 9 ko Honda VFR800, ka san an ƙera shi ne don gudu da kuma doguwar tafiya. Matsalar ita ce wurin sa kaya. Goya jaka a baya na tsawon awa biyar yana gajiyar da kafaɗa, kuma idan aka faɗi, abin da ke cikin jakar zai iya ji wa mutum rauni. Shi ya sa ake ɗaura akwatuna biyu a gefen tayar baya.

Kamfanonin babura suna sayar da nasu, amma da tsada, kuma babur na hannu sau da yawa yakan zo babu su. A nan ne mutane ke komawa ga wasu kamfanoni kamar Givi na Italiya, Shad na Sifaniya da SW-Motech na Jamus. Kuskuren da aka fi yi shi ne fara duba girman akwati. Abin da ya kamata ka fara dubawa shi ne babur ɗinka.

Fara da kariya

Akwati ba ya manne wa babur kai tsaye. Akwai kariyar ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin babur, ita ce ke riƙe shi. Ana ƙera wannan kariya ne don samfurin babur guda da shekarunsa, don haka wadda ta hau na 2015 ba lalle ta hau na 2021 ba, ko da sunansu ɗaya. Kuma kowane kamfani da irin maƙalinsa: akwatin Shad SH36 yana hawa kan tsarin 3P System, shi kuwa Givi V37 yana buƙatar kariyar PLX. Saboda haka ka shiga shafin kamfanin a wayarka, ka sa sunan babur da shekara, ka tabbatar akwai kariyar kafin ka biya kuɗin akwati.

Kai wa mai walda ya haɗa maka ya fi araha, amma ka yi hattara. Kariyar da ba ta zauna daidai ba tana iya tsagewa saboda jijjiga, kuma akwatin da ya ɓalle ana cikin gudu haɗari ne gare ka da na bayanka.

Mai tauri ko mai laushi?

Akwatin roba mai tauri shi ya fi dacewa da irin waɗannan babura. Yana da makulli, yana tare ruwa da ƙura, kuma siffarsa ba ta tare iska sosai. Na alminiyom ya fi dacewa da baburan shiga daji, domin yana da faɗi da nauyi. Jaka mai laushi kuwa ba ta da nauyi kuma ta fi araha, sai dai ɓarawo mai reza zai iya farke ta. Idan ita za ka saya, wadda ake naɗe bakinta ta fi mai zif hana ruwa shiga.

Lissafin nauyi

Ana auna girman akwati da lita. Na asali da ke zuwa wa Ninja 1000SX lita 28 ne kowanne, SH36 kuma lita 36, har hular kwano tana shiga. Amma yawan lita ba ya nufin ka cika shi da duk abin da ka ga dama, domin yawancin irin waɗannan akwatuna kilo 10 ne iyakarsu, wasu ma ƙasa da haka.

Shi ma babur yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, wanda aka rubuta a littafinsa, galibi kusan kilo 200. Wannan ya haɗa da kai, da wanda ka goya, da kaya. Misali, idan kai kilo 80 ne, abokin tafiyarka 70, hular kwano da rigunan kariya 10, an kai 160. Ka ƙara nauyin akwatunan da kariyarsu, za ka ga abin da ya rage ba shi da yawa. Wuce iyaka yana ƙara nisan da birki ke ɗauka kafin ya tsayar da kai, kuma yana sa gaban babur rawa.

Faɗi da salansa

Ka auna faɗin babur daga madubi zuwa madubi. Idan akwatunan suka wuce haka sosai, gabanka zai wuce ta tsakanin motoci a cunkoso, bayanka ya maƙale. Ka duba kuma kada su rufe fitilun sigina, ko su hana wanda ka goya ɗora ƙafa.

Sai batun salansa. Zafinta yana narkar da roba da yadi, don haka dole a sami tazara tsakaninsu. Wannan ya shafi na'urorinka kai tsaye: batirin waya, laftop da fawa bank ba sa son zafi. Ka sa su a ɓangaren da babu salansa, a naɗe cikin tufafi don rage jijjiga.

Bayan ka ɗaura

Ka raba kaya daidai a ɓangarorin biyu, masu nauyi a ƙasa kuma ta gaba. Ka ƙara wa shokozoban baya ƙarfi, ka sa iskar taya yadda littafin ya nuna ga babur mai kaya. Wasu kamfanoni suna gargaɗin kada a wuce kilomita 130 a awa idan akwai akwatuna, don haka ka karanta naka. Bayan tafiyar farko ka sake bin notuka da sifana, domin ramukan hanya suna kwance su.

Kafin doguwar tafiya, ka loda kayan ka zaga cikin gari, ka gwada birki da kwana. Gara ka gano matsala a bakin layinku da ka gano ta a tsakiyar hanya.