Idan Manomi Ya Kasa Zuwa Gona

'Yan'uwana ɗalibai, ba fari kaɗai ke kawo yunwa ba. Tun 2009 rikicin Boko Haram ya raba dubban manoman Borno da gonakinsu. A Nuwamban 2020 an kashe manoman Zabarmari sama da 40 suna cikin yankan shinkafa.

Manomi in ya tsorata sai ya bar gona, hatsi ya yi ƙaranci, mudu ya yi tsada har a kasuwarmu. Saurayin da yunwa ta dama kuwa, 'yan bindiga na iya yaudararsa da kuɗi, sai rikicin ya ƙaru.

Tsare gonaki aikin gwamnati ne. Shinkafar da 'yan siyasa ke rabawa lokacin kamfe kwana biyu take ƙarewa. Mu tuna wa iyayenmu wannan kafin ranar zaɓe.