Shin Ko Kun San? Makarantun Kuɗi na Jeka-ka-dawo a Lafiyar Barebari

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Jos ko titin Shendam a garin Lafiya da misalin ƙarfe bakwai na safe zai ga Keke Napep da 'yan acaɓa suna ta jigilar yara masu kayan makaranta kala-kala, kowa da goran ruwa da kwanon abinci. Da yawansu makarantun kuɗi suka nufa, kuma kafin la'asar sun dawo gida. Ga wasu abubuwa game da irin wannan makaranta.

Shin ko kun san cewa makarantar jeka-ka-dawo mai zaman kanta ba baƙuwa ba ce a wurinmu? Makarantar allo ta ƙofar gida ita ce kakarta. Malam ne ya kafa abarsa a zaurensa, ba hukuma ba. 'Yan gari su zo da safe su koma gidan iyayensu, a biya kuɗin Laraba duk mako, a huta Alhamis da Juma'a. Mai makaranta, kuɗin makaranta, ranakun hutu, har da bikin kammalawa wato walimar sauka, duk mun san su tun kafin Bature ya iso.

Shin ko kun san cewa a ɓangaren boko ma, masu zaman kansu ne suka riga gwamnati? Makarantar sakandare ta farko a Nijeriya ita ce CMS Grammar School ta Legas, wadda 'yan mishan suka buɗe a 1859 da ɗalibai 6 kacal. A Arewa kuwa, makarantar gwamnati ta Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, sai a 1909 ta fara aiki a unguwar Nasarawa ta Kano. Sunan ne kawai ya zo ɗaya da na jiharmu ta Nasarawa.

Shin ko kun san cewa a shekarun 1970, bayan yaƙin basasa, gwamnatocin jihohi da dama sun karɓe makarantun mishan da na ƙungiyoyi suka mayar da su nasu? Sannan a 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na karatun firamare kyauta. Yara suka yi ta kwarara, azuzuwa da malamai suka kasa ɗauka. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, albashi ya riƙa makalewa, yajin aiki ya yawaita, sai iyaye suka fara waiwayen wanda zai koyar da 'ya'yansu ko da za su biya. Daga nan makarantun kuɗi na zamani suka samu gindin zama.

Shin ko kun san cewa manyan garin nan da yawa makarantar gwamnati suka yi? Tsohon gwamna Umaru Tanko Al-Makura, wanda ya mulki jihar daga 2011 zuwa 2019, a Firamaren Dunama ya fara karatu, makarantar da ke ɗauke da sunan Muhammadu Dunama, Babarbaren da ya kafa Lafiya. Ina kawo wannan ne domin kada mai aljihu ya raina makarantar gwamnati, kada kuma hukuma ta ɗauka makarantun kuɗi sun sauke mata nauyi.

Shin ko kun san ranar da ta sauya lissafin garin? 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Nasarawa daga Jihar Filato ta mayar da Lafiya babban birni. Ma'aikata suka dawo daga Jos da iyalansu, ma'aikatu suka buɗe, unguwanni irin su Bukan Sidi da Shabu suka yi ta faɗaɗa. A 2011 kuma Jami'ar Tarayya ta Lafiya ta zo da nata malaman da ma'aikatan. Ma'aikacin da zai fita ofis da safe yana neman inda zai ajiye yaro ya ɗauke shi da rana. Buƙatar da ta haifi mafi yawan allunan makarantun da kuke gani a lunguna ke nan.

Shin ko kun san cewa aji ɗaya a Lafiya yana iya haɗa ɗan Barebari, ɗan Alago, ɗan Eggon, ɗan Gwandara, ɗan Migili, ɗan Tibi, Bahaushe da Bafulatani? Wannan shi ne abin da ya fi burge ni game da makarantun garin. Kusan kowace makaranta tana rubuta "ilimi da tarbiyya" a jikin katangarta, amma a gari irin wannan tarbiyyar tana da wani aiki na musamman: yaro Musulmi da yaro Kirista su zauna benci ɗaya, su ari fensirin juna, su san gaisuwar juna. Jiharmu ta ɗanɗani ɗacin rikicin ƙabilanci, ta san tsadarsa. Makarantar da ta koya wa yaro lissafi amma ta bar shi yana ƙyamar maƙwabcinsa, a ganina ba ta cika manufarta ba ko da ɗalibanta sun cinye jarrabawa duka.

Shin ko kun san cewa mai makaranta ba ya tsara manhajarsa yadda ya ga dama? Ma'aikatar ilimi ta jiha ce ke ba da izinin buɗewa, kuma ɗalibansa jarrabawa ɗaya suke zaunawa da na gwamnati: WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO, wadda aka kafa a 1999, hedikwatarta na Minna.

Shin ko kun san cewa tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ɗaya ga 40 a sakandare, kuma mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE? Akwai ma hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda dokar kafa ta ta fito tun 1993. A nan ne ake gane makarantar ƙwarai. Fenti da motar ɗaukar yara ba su koyar da kowa. Malamin da ake biya a kan kari, wanda ba ya sauya wurin aiki duk zango, shi ne dukiyar makaranta. Na san wata malama da ta bar aji a tsakiyar zango saboda wata uku ba albashi, yara suka ƙarasa shekarar da malamai uku daban-daban.

Shin ko kun san cewa ƙin sa yaro a makaranta laifi ne? Dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare. Karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya.

Shin ko kun taɓa lissafa awannin? Yaron jeka-ka-dawo yana yin kamar awa 6 zuwa 7 a makaranta. Sauran 17 zuwa 18 na hannun gida da unguwa da Islamiyya ko coci. Babban bambancinsa da ɗan makarantar kwana ke nan, kuma shi ne alfanunsa: uwa tana ganin ɗanta kullum, uba yana iya buɗe littafinsa da daddare. Biyan kuɗin zango bai ɗauke wannan nauyi ba.

Don haka iyaye, kafin ku biya kuɗin zango mai zuwa, ku shiga makarantar da ƙafarku. Ku nemi ganin takardar izinin ma'aikatar ilimi, ku ƙirga yaran da ke ajin ɗanku, ku leƙa banɗaki da wurin shan ruwa, ku tambayi malamarsa shekara nawa ta yi a wurin. Ranar taron iyaye da malamai kuma, a daure a je.