Kuɗin Jirgi da Makomar Tsuntsaye Masu Ƙaura

Da zarar damina ta ɗauke, kaka ta kama, wasu baƙi kan sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, tsakanin jihohin Jigawa da Yobe. Baƙin nan tsuntsayen bakin ruwa ne masu dogayen ƙafafu, waɗanda ke tsintar tsutsotsi da ƙwari da tsabar shinkafa a cikin taɓo. Daga cikinsu akwai wanda masana ke kira Calidris pugnax. A arewacin Turai da Saibiriya yake ƙyanƙyasa, ya ƙetaro Bahar Rum da hamadar Sahara, ya yi hunturu a Sahel, sa'an nan ya koma kafin zafin bazara ya tsananta.

Tsuntsun da ke ratsa ƙasashe haka, ƙasa ɗaya ba ta iya kare shi. In an tsare sheƙarsa a Turai, amma fadamar da yake ci a Afirka ta ƙafe, an yi aikin banza. Fadamun Haɗeja kuwa sun ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa. Sakaci yana da tsada. Wani tsuntsu mai siririn baki lanƙwasasshe, Numenius tenuirostris, an yi masa ganin ƙarshe tabbatacce a Maroko a 1995. A 2024 masana suka bayyana cewa ya ƙare a duniya.

Saboda haka ne aka ƙulla yarjejeniyar AEWA a birnin Heg a 1995, don kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya. Amma yarjejeniya ba ta aiki sai da ilimi, ilimin kuwa a wurin taro ake haɗa shi. A can ne wanda ya sanya wa tsuntsu zobe a Holan zai haɗu da wanda ya hango zoben a Afirka, su daidaita hanyar ƙidaya, su gane inda asara take aukuwa. Babban taron masana tsuntsaye na Afirka, wanda aka fara a 1957, ya zauna a Dakar a 2016, sa'an nan a Zimbabuwe a 2022.

A nan matsalar take. Cibiyar A. P. Leventis ta Jami'ar Jos, wadda aka kafa a 2001, tana yaye matasa masana tsuntsaye. Amma matashin da ya shafe watan Janairu yana ƙidaya cikin kwalekwale, da wuya ya iya biyan kuɗin jirgi da biza da masauki da rajista. In bai je ba, sai a tattauna makomar fadamarsa ba tare da shi ba.

Wannan giɓin ne tallafin tafiya yake cikewa. Masu shirya taro kan nemi taƙaitaccen bayanin bincike, da wasiƙar malami, da ƙiyasin kuɗi, su zaɓi waɗanda za a ɗauki nauyinsu. Wanda ya dace kan dawo da abokan aiki, da sababbin dabaru, wani lokaci har da gurbin ƙaro ilimi.

Hanyar zuwa irin wannan taro daga makarantar sakandare take farawa. Malamin da ya kai ɗalibansa bakin tafki da littafin rubutu, suka rubuta kwanan wata da wuri da adadin tsuntsayen da suka gani, ya ɗora su bisa turba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.