Mantuwa Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Wanne Ne Gaskiya, Wanne Ne Jita-jita?

Idan mutum ya tashi daga shanyewar ɓarin jiki, hankalin iyali yakan koma kan hannu da ƙafa da karkacewar baki. Sai bayan watanni a lura Baba yana rikita kuɗin cefane, ko yana maimaita tambayar da aka amsa masa ɗazu. Nan fa kowa da abin da zai faɗa, balle yanzu da zancen "kumburin ƙwaƙwalwa" ke yawo a WhatsApp. Bari mu tace maganganun.

"Tsufa ne kawai." Ba haka ba ne. A 2009, Sarah Pendlebury da Peter Rothwell na Jami'ar Oxford sun tattara binciken da aka yi kan dubban majinyata. Sun gano cewa kusan mutum 1 cikin 10 yana shiga ciwon mantuwa mai tsanani bayan bugun farko, amma idan ciwon ya sake bugawa, adadin yakan haura 1 cikin 3. Rauni ne a ƙwaƙwalwa, kuma yana buƙatar likita.

"Kumburi na da hannu a ciki." Gaskiya ne. Idan jijiya ta toshe ko ta fashe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na wurin sukan mutu. Masu gadin ƙwaƙwalwa, waɗanda likitoci ke kira maikurogiliya, sai su taso su yi gangami. Katangar da ke raba jini da ƙwaƙwalwa takan yi rauni, fararen ƙwayoyin jini su kutsa ciki. A wasu mutane wannan tarzoma ba ta lafawa da wuri, sai ta riƙa taɓa lafiyayyun sassa. A 2015, ƙungiyar Marion Buckwalter ta Jami'ar Stanford da ke Amurka ta nuna cewa ɓerayen da aka sa wa shanyewar ɓarin jiki sun fara mantuwa bayan makonni, sa'ad da ƙwayoyin garkuwa nau'in B suka taru a ƙwaƙwalwarsu. Sai dai kumburi ɗaya ne cikin dalilai. Girman raunin, wurin da ya faɗa da lalacewar ƙananan jijiyoyi duk suna da nasu kaso.

"Duk kumburi ɓarna ne." A'a. Waɗannan ƙwayoyin su ne kuma ke kwashe matattun ƙwayoyi su share fagen warkewa. Kamar wutar murhu ce: da ita ake girki, sai ta fita daga murhu take cin gida.

"A sayo maganin kumburi a kemis, tunaninsa zai dawo." Wannan ƙarya ce mai haɗari. Diclofenac da ibuprofen suna iya ɗaga hawan jini, su wahalar da ƙoda, su jawo zubar jini a ciki, musamman ga mai shan asfirin. Ko colchicine, wani maganin kumburi da aka gwada a manyan gwaje-gwajen CONVINCE da CHANCE-3, waɗanda sakamakonsu ya fito a 2024, ba a tabbatar da cewa yana hana shanyewar ɓarin jiki dawowa ba. Duk mai tallar haɗin da "ke wanke kumburin ƙwaƙwalwa", aljihunka yake so.

"Sai haƙuri, babu abin yi." Akwai. Binciken SIREN da aka yi a Nijeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki. Don haka a riƙe maganin hawan jini kullum, ko da an ji sauƙi. A kula da sukari, a rage gishiri da dunƙulen miya, a bar taba. Idan majinyaci yana shaƙewa wajen haɗiya, ko ya yi zazzaɓi, ko ya rikice farat ɗaya, a garzaya asibiti, domin ciwon huhu ko na mafitsara yakan ƙara rura kumburin. A ci gaba da gashi da motsa jiki, a riƙa jan shi da hira, kada a killace shi a ɗaki. Ranar ganin likita kuwa, a ba da labarin mantuwar kamar yadda ake ba da labarin ƙafar.