3.4 Launin Gashi da Sauyinsa a Jikin Tsuntsun Gal Kafin Balaga

A wannan sashe za a yi bayani a kan yadda gashin tsuntsun ruwa da ake kira gal yake sauyawa tun daga ƙuruciya har zuwa balaga. Muhimmancin yin hakan shi ne, ƙaramin gal bai yi kama da iyayensa ba ko kaɗan. Wanda bai san matakan sauyin ba yana iya ɗaukar tsuntsu iri ɗaya a matsayin iri uku ko huɗu, ya ɓata ƙidayarsa.

Tun a shekarar 1925, wani masani ɗan Amurka mai suna Jonathan Dwight ya karkasa waɗannan tsuntsaye bisa ga shekarun da suke yi kafin su sami gashin manya. Ƙananan iri sukan yi shekara 2, matsakaita shekara 3, manya kuwa shekara 4. Za a ɗauki irin da masana kimiyya suke kira Larus fuscus a matsayin misali. Wannan tsuntsu yana hayayyafa a arewacin Turai, sannan wasu daga cikinsu sukan yi ƙaura zuwa Afirka, har da gaɓar tekun Afirka ta Yamma da Tafkin Chadi.

Lokacin da ɗan wannan tsuntsu ya fara tashi, wato bayan kwana 30 zuwa 40 da ƙyanƙyashe shi, gashinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, kowane gashi na gadon bayansa da ɗan fari a gefe. Bakinsa baƙi ne, kuma akwai baƙin zane mai faɗi a ƙarshen bindinsa. Bayan 'yan watanni sai ya yi sauyin farko, wanda bai wuce gashin kai da na jiki ba. Dogayen gashin fiffike da na bindi suna nan yadda suke.

Sai ya kusa cika shekara guda sannan yake yin cikakken sauyi. Dalili kuwa shi ne, gashi matacce ne, ba ya gyara kansa. Rana tana koɗar da shi, iska da yashi suna cinye bakinsa. Kowane fiffike yana da manyan gashin tashi guda 10, kuma ba sa zuba gaba ɗaya. Na ciki ne yake fara faɗuwa, a bi da bi har zuwa na waje, a kuma fiffike biyun a tare. Saboda haka tsuntsun yakan ci gaba da tashi da neman abinci a tsawon watannin da sauyin yake ɗauka.

Daga nan, kowace shekara yakan yi sauyi sau biyu, ɗaya cikakke, ɗaya na kai da jiki. A shekara ta biyu gashi mai ruwan toka mai duhu yakan fara bayyana a gadon bayansa. A ta uku yakan yi kama da babba, illa ragowar ruwan ƙasa a fiffike da ɗan baƙi a baki da bindi. A ta huɗu kansa da cikinsa da bindinsa sukan zama fari fat, ƙafafu da baki su zama rawaya, da jan ɗigo a ƙasan bakin.

Har ila yau, lokacin sauyin ya danganta da nisan ƙaura. Waɗanda suke hayayyafa a yankin Tekun Baltik, masu doguwar tafiya zuwa gabashin Afirka, sukan jinkirta yawancin sauyin gashin tashi har sai sun sauka. Wannan ya nuna cewa launi kaɗai bai isa a gane shekarun tsuntsun ba. Wajibi ne mai nazari ya dubi sabuntar gashin da tsufansa, ya kuma yi la'akari da watan da aka ga tsuntsun da wurin da aka gan shi.