Sabon Hatimi a Ƙofar Kanti

Jama'a, duk wanda ya ratsa kasuwannin Umdurman da Hartum a 'yan shekarun nan zai ga wata alama manne a ƙofar kanti ko kusa da akwatin kuɗi: 'yar murabba'i mai ɗigon baƙi da fari, sai ka ce hatimin malam a allo. Sunanta QR. Ido ba ya karanta ta, sai kyamarar waya.

Wani injiniya, Masahiro Hara, na kamfanin Denso a Japan, shi ya ƙirƙiro ta a 1994 don bin sawun kayan mota. A nan kuwa wuya ce ta ba ta kasuwa. Ƙarancin takardun kuɗi na 2018 ya tura mutane ga Bankak, manhajar Bankin Hartum. Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, aka rufe bankuna, aka wawashe wasu, sai ciniki ya koma cikin waya. Mai kanti ya manna hatiminsa, mai tebur ya rubuta lambar asusunsa a kwali.

To, ina mu a ciki? Ba a buɗe asusu sai da lambar ɗan ƙasa, kuma mun san wahalar da wasu 'yan'uwanmu suka sha wajen neman takardu, alhali a nan aka haifi kakanninsu. Tsohuwa mai gyaɗa da ba ta da asusu dole ta ari na ɗan maƙwabci, wato guminta yana hannun wani. Ga kuma macuta masu nuna rasidin ƙarya a waya su kwashi kaya. A Fabrairu 2024 da sadarwa ta yanke, mai dubbai a asusu ya rasa na burodi.

Shawararmu uku ce. Kowa ya nemi lambarsa da ta iyalinsa, mata da maza. Kafin ka tura kuɗi, karanta sunan da ya fito, ka tambayi mai kanti ko nasa ne. Kada ka saki kaya sai ka ga kuɗin a wayarka, ba a wayar mai saye ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ku zauna da iyayenku ku nuna masu. Su suka riƙe hannunku kuka koyi bâ da sin. Yau ranar biya ce.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya, amin.