Zaman lura da numfashi na mabiya Buda: daga ina ya fito, kuma me suke nufi da sakin duniya?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan'uwa, kwanakin baya wasu ɗalibanmu na ajin dare sun zo da tambaya. Suka ce a salula suna yawan cin karo da bidiyo da manhajoji masu koyar da wani irin zama: ka zauna shiru, ka lumshe ido, ka bi numfashinka, wai yana rage damuwa kuma yana kawo barci. Wani ya ce musu horar da ƙwaƙwalwa ne kawai, wani kuma ya ce bautar gunki ce tsantsa. To wanne za su ɗauka? Matambayi dai ba ya ɓata. Amma kafin a ce wa abu halal ko haram, sai an san shi tukuna. Malamanmu na da haka suka yi. Imam Shahrastani, wanda ya rasu a shekara ta 548 bayan Hijira, ya kawo bayanin mabiya Buda a littafinsa Al-Milal wan-Nihal, shi kuma Biruni har harshen Sanskirit ya koya don ya rubuta a kan mutanen Indiya da sani. Bari mu bi sawunsu.

Wane ne Buda?

Sunansa na yanka Siddata Gotama. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kusan ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a gidan sarautar ƙabilar Sakiya. Mabiyansa suna ba da labarin cewa ya tashi cikin gata, an kange shi daga ganin wahala, har ranar da ya fita gari ya ga tsoho tukuf, ya ga majinyaci, ya ga gawa, sannan ya ga wani mai gudun duniya yana tafe cikin natsuwa. Yana da shekara 29 ya bar gida, ya bar matarsa da jaririn ɗansa. Ya yi shekara 6 yana azabtar da jikinsa da yunwa har ya kusa halaka, sai ya ga wannan ma ba ta fisshe shi ba. Ya koma cin abinci daidai gwargwado, ya zauna a gindin wata bishiya dangin cediya a wurin da yanzu ake kira Bod Gaya. Nan ne suka ce ya farka, yana da shekara 35. Kalmar Buda laƙabi ce, ma'anarta wanda ya farka. Ya fara karantarwa a Sarnat kusa da birnin Banaras, da almajirai biyar, ya ci gaba har ya mutu yana da shekara 80.

An riƙe koyarwarsa da ka tsawon ƙarnuka, sannan aka rubuta ta a kan ganyen giginya a tsibirin Siri Lanka cikin wani harshe mai suna Pali. Wannan ita ce makarantar da ta fi ƙarfi a Siri Lanka da Bama da Tailan, kuma daga cikinta zaman da muke magana a kai ya fito.

Cutar da ya ce ya gano

Buda ya tsara maganarsa kamar yadda likita ke yi: ga cuta, ga sababinta, ana warkewa, ga magani. Cutar ita ce dukka, wato rashin gamsuwar da ke manne da rayuwa: ciwo, tsufa, mutuwa, rabuwa da abin so, haɗuwa da abin ƙi. Sababin kuma ya kira shi tanha, ma'anarta ƙishirwa. Ya kasa ta uku: ƙishirwar jin daɗi, ƙishirwar zama wani abu, da ƙishirwar kuɓuce wa abin da ba ka so ko ta halin ƙaƙa. Bahaushe ma ai ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala, saboda haka wannan gefen ba baƙo ba ne a kunnenmu.

In ƙishirwar ta yi ƙarfi sai ta zama riƙo, suna ce masa upadana. Abin lura, wannan kalma a harshensu tana kuma nufin makamashi, itacen da wuta ke ci. Wutar kuwa uku ce a wurinsu: kwaɗayi, ƙiyayya da ruɗu. Muddin kana tura mata itace za ta yi ta ci. In ka daina, sai ta mutu da kanta. Mutuwar wutar nan ita suke kira nibbana.

Ka ga ke nan sakin duniya a wurinsu aikin zuciya ne kafin ya zama na hannu. Gaskiya ne akwai waɗanda ke barin komai su aske kai su sa mayafi ruwan ɗorawa, ana kiransu bikku, ma'anarta mai bara, don da sassafe suke fita da kwano a zuba musu abinci, ba sa ci bayan rana ta take, kuma suna bin ƙa'idoji 227. Amma ko su an gargaɗe su cewa mutum na iya barin gona da gida ya koma ya riƙe kwanonsa da haƙori, ko ya riƙe ra'ayinsa, ko sunan da ya yi na mai gudun duniya.

Yadda ake zaman

Maganin da ya kawo hanya ce mai rassa takwas, ta ƙunshi gyaran fahimta, gyaran magana, aiki da sana'a, da horar da zuciya. Reshe na bakwai shi ake kira sati. Kada ku ɗauka satin nan ne mai kwana bakwai! Asalin ma'anar kalmar a harshen Pali ita ce tunawa, wato kada ka shagala, ka riƙa sanin abin da ke gudana a jikinka da zuciyarka a daidai lokacin da yake gudana.

Mai yin zaman yakan tanƙwashe ƙafa, ya miƙe baya, ya sa hankalinsa a bakin hanci ko a kan ciki. Ba ya ja da numfashi, ba ya tura shi. In dogo ne ya san dogo ne, in gajere ne ya san gajere ne. Ba a ɗau lokaci ba hankali zai tsere, ya tafi bashin da ake binsa ko maganar da aka faɗa masa jiya. Da ya ankara sai ya dawo da shi ba tare da faɗa da kansa ba. Wannan komowar ita ce horon, ko da sau ɗari za a yi ta.

Daga numfashi sai a faɗaɗa lurar zuwa wurare huɗu: jiki, da abin da ake ji na daɗi ko zafi ko tsaka-tsaki, da halin da zuciya take ciki, da kuma abubuwan da ke tasowa su wuce a cikinta. Na biyun nan shi ne ƙashin bayan aikin. A bayaninsu, ido ko kunne ko fata ta haɗu da abu, sai ji ya taso, daga ji sai ƙishirwa, daga ƙishirwa sai riƙo. Tsakanin ji da ƙishirwa akwai ƴar rata. Misali, sauro ya cije ka kana zaune. Kafin hannu ya kai ga susa, mai lura yana ganin ƙaiƙayin ya taso, ya yi ƙarfi, ya sauya, ya lafa. Wanda ya ga haka sau dubu a kan ƙaiƙayi, suka ce, zai fara ganinsa a kan fushi da sha'awa, ya gane cewa su ma baƙi ne masu wucewa. Wannan rashin tabbatar komai suna kiransa anicca.

Suna da misalin kibiya biyu. Kibiya ta farko ita ce ciwon da ya same ka, ba ka da yadda za ka yi da ita. Ta biyu kai kake harba wa kanka. An zage ka a kasuwa da hantsi, zagin bai wuce ƙiftawar ido ba, amma ka kwana kana maimaita shi kana shirya amsar da ya kamata ka mayar. Zaman lura ba ya hana ta farko, ta biyun yake so ya tare.

Akwai kuma labarin da suke yawan bayarwa na wata mata mai suna Kisa Gotami a birnin Sawatti. Ɗanta ɗaya tilo ya mutu, ta ƙi yarda, ta saɓa gawar tana yawo tana neman magani. Aka tura ta wurin Buda. Bai ce mata ta yi haƙuri ba, ya ce ta samo masa ƙwayar khardal daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Ta bi gida-gida. Ko'ina akwai ƙwayar, amma ko'ina an yi rashi. Kafin yamma ta gane, ta je ta rabu da gawar, ta dawo ta zama almajirarsa.

Yadda abin ya iso salula

Tsawon ƙarnuka wannan zama ya fi zama aikin bikku. Bayan Ingila ta gama mamaye Bama a 1885, wani malaminsu mai suna Ledi Sayado, wanda ya mutu a 1923, ya ji tsoron addinin zai ɓace, sai ya dage da koya wa talakawa. Daga wannan silsila aka sami Goyenka, ɗan kasuwa ɗan asalin Indiya haifaffen Bama, wanda ya koma Indiya a 1969 ya fara shirya zaman kwana 10, cibiyoyinsa suka bazu a duniya. A 1979 kuma wani masanin kimiyya a Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe shiri na mako 8 a makarantar likitanci ta jami'ar Masacusets don masu fama da ciwo mai naci da damuwa. Ya cire sunan Buda da addu'o'i da aƙida, ya bar lura da numfashi da jiki. Da dama daga cikin abin da kuke gani a manhajoji jikokin wannan shiri ne.

Saboda haka abin da ɗalibanmu suka gani ba iri ɗaya ba ne. Wani an tsame shi daga addinin, wani kuma yana nan da saiwarsa. A zaman kwana 10 na cibiyoyin Goyenka, ana buɗewa da neman mafaka ga Buda da koyarwarsa da jama'arsa, kuma ƙa'idar wurin ta ce mahalarci ya dakatar da duk wata addu'a ko ibada tasa har a gama. Musulmi ba ya buƙatar dogon bincike kafin ya san ba a ajiye salla kwana 10 don wani horo.

Kama da wane ba ta wane

Wanda ya karanta babin zuhudu ko babin muraƙaba da muhasaba a Ihya'u na Imam Gazali zai ji wasu maganganun sun yi kama. Mu ma an koya mana duniya ta tsaya a hannu kada ta shiga zuciya, an koya mana kama harshe lokacin fushi, da halarto da zuciya a salla. Adalci shi ne mu yarda cewa mutanen nan sun lura da halin zuciyar ɗan Adam da kyau.

Amma tushen ya bambanta. Koyarwar Buda ba ta ginu a kan Mahalicci ba, babu wanda ake roƙo ya yaye cutar, mutum shi zai fitar da kansa. Tana kuma cewa babu wani rai tabbatacce a cikin mutum, suna kiran wannan anatta, sai dai tarin abubuwa masu sauyawa, kuma ƙishirwa ce ke jawo a yi ta sake haihuwa bayan mutuwa. Burin sakin duniya a wurinsu shi ne wannan zagaye ya tsaya. Mu kuwa rayuwa ɗaya ce, rai ɗaya, sai tashi da hisabi, kuma muna sakin duniya ne don neman yardar Wanda ya ba mu ita amana. Kisa Gotami ta sami sauƙi don ta ga kowa na rasawa. Uwa Musulma ita ma ta san haka, amma ta ƙara da cewa Mai shi ne ya karɓi abinsa, kuma tana sa ran haɗuwa. Annabi (SAW) ma ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ba tare da ya faɗi abin da Allah ba ya so ba.

Ku dubi kalmomin biyu: sati tunawa ce, zikiri ma tunawa ce. Mai sati yana tuna numfashinsa don ya ga yana wucewa. Mai zikiri yana iya jin numfashin nan nasa, ya tuna Wanda ya ba shi, kuma Yake ganinsa.

To, ɗalibi, in ka ci karo da irin wannan shiri, ka yi masa tambayoyi. Shin ana sa ka furta wasu kalmomi da ba ka san ma'anarsu ba, ko ka rusuna wa hoto ko mutum-mutumi? Shin ana neman ka bar salla ko zikirinka? Shin ana cusa maka aƙidar babu rai ko sake haihuwa da sunan kimiyya? In amsar ɗaya ta zama e, ka yi nesa. In kuwa likita ne ya ce ka zauna minti goma ka ja numfashi a hankali don hawan jini ko rashin barci, ka kai wa malaminka bayanin yadda yake, ba ƙari ba ragi, ya yi maka hukunci a kan abin da ya sani. Wanda kuma damuwa ta yi masa nauyi har ta hana shi ci da barci, ya nufi likita, don dogon zaman shiru yakan tayar wa wasu masu tsohon rauni a zuciya da ciwonsu.

Kafin nan, ga gwaji na kusa: a sallar Magaribar yau, ka ƙirga sau nawa zuciyarka ta tafi kasuwa tsakanin kabbara da sallama, kuma sau nawa ka dawo da ita.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya raba zukatanmu da shagala. Wallahu a'alam.